Ƙafar roba da ruwan Legas: tambayoyin da ake yawan yi kafin a zaɓa

Wanda aka yanke wa ƙafa a Legas, da zarar rauni ya warke an fara maganar ƙafar roba, abin da ya fi damunsa shi ne ruwa. Damina a nan tana kankama tun watan Afrilu, ta yi tsanani a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo. Ga alwala sau biyar, ga wanka da bokiti, ga caɓin kasuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan uwanmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago suka fi maimaitawa. Amsoshin shiri ne kawai, don mutum ya san abin da zai tambaya idan ya zauna gaban mai haɗa ƙafa.

Ai roba ce, me ruwa zai yi mata?

Robar da ido ke gani sutura ce kawai. Ƙafar wanda aka yanke ƙasa da gwiwa tana da sassa da dama: akwai soket, wato kofin da dungun ke zama a ciki, akwai safar silikon ko ta auduga da ke tsakanin fata da soket, akwai bututun ƙarfe da ya maye gurbin ƙwauri, akwai maɗaurai da kusoshi sama da ƙasa, sai tafin, wanda shi ma yake da ƙashinsa a ciki. Galibi kuma a kan lulluɓe bututun da soso don ya yi siffar ƙafa a cikin wando.

Kowane ɗaya a cikinsu yana da yadda ruwa ke cin sa. Soson yana shan ruwa ya riƙe, ƙafar ta yi nauyi, ta fara wari. Kusoshin ƙarfe na gama-gari suna tsatsa, har ranar da za a so daidaita ƙafar a tarar sun ƙi kwancewa. Tafin da ƙashinsa katako ne, idan roba ta tsage ruwa ya samu hanya, katakon yakan kumbura ya ruɓe daga ciki mai ita bai sani ba. Don haka idan mai sayarwa ya ce maka tafin nan ruwa ba ya yi masa komai, tambaye shi kusoshin fa, bututun fa, makullin da ke riƙe safar fa. Wanda ya san aikinsa zai amsa maka ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake so shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, irin su titaniyom, da hudar da ruwa zai bi ya fita, kuma ko dai a cire soson gaba ɗaya ko a sa murfin da ba ya shan ruwa.

Tafin ƙafa iri nawa ne, kuma wanne ya fi?

Ga gida huɗu daga cikin waɗanda za ka ci karo da su a Najeriya.

Na farko shi ne SACH, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1950. Ba shi da gaɓar da ke motsi, dunduniyarsa ce kawai mai laushi. Shi ne mafi araha, kuma rashin gaɓar ya sa ba shi da yawan lalacewa. Tsohon samfurin katako ne a ciki, amma akwai masu ƙashin roba mai tauri, irin waɗanda ƙungiyar Red Cross ta duniya ke amfani da su a cibiyoyinta. Ga mai hulɗa da ruwa, na robar ake nema.

Na biyu tafin Jaipur. Likitan ƙashi P. K. Sethi da wani masassaƙi Ram Chandra Sharma suka haɗa shi a Indiya a 1968, saboda sun ga manoma suna ajiye ƙafafun Turawa a gida: ba a iya tsugunno da su, ba a iya zaman harɗe, ba a shiga fadamar shinkafa. Sai suka yi tafi na roba irin ta taya, mai lanƙwasa, wanda ake takawa ko babu takalmi. Rayuwar da aka yi shi dominta ta yi kusa da tamu ƙwarai. Aibinsa shi ne nauyi, kuma ingancinsa ya danganta da hannun da ya haɗa shi.

Na uku shi ne na kabon, wato wani zare mai ƙarfi mara nauyi da ake daskararwa, wanda Van Phillips, shi ma mai ƙafa ɗaya, ya fito da shi kasuwa a shekarun 1980. Yana lanƙwasa idan ka taka, ya maido maka da ƙarfin idan ka ɗaga, shi ya sa mai tafiya mai nisa ba ya saurin gajiya da shi. Kabon ba ya tsatsa. Abin da ke kashe shi yashi ne, idan ya maƙale tsakaninsa da suturarsa yana goga shi a kowane taku.

Na huɗu masu batir da 'yar kwamfuta a ciki. Waɗannan suna da tsada matuƙa, suna buƙatar caji, ga mu kuma da halin wutarmu. A kansu za ka ga lamba kamar IP67, ma'ana za su jure nutsewa cikin ruwa mai daɗi zurfin mita 1 na minti 30. Wannan lambar ba ta ce komai a kan ruwan gishiri ko taɓo ba.

Wanne ya fi kuwa, sai an san yadda kake wuni. Masu wannan aiki suna da ma'auni daga K0 zuwa K4: mai K1 yana tafiya ne a cikin gida kan shimfiɗaɗɗen wuri, mai K2 yana hawa 'yan matakala ya zaga unguwa, mai K3 yana sauya sauri yana fita nema, mai K4 shi ne ɗan wasa ko mai aikin ƙarfi ko yaro. Dattijon da ke K1 ba abin da tafin kabon mai tauri zai ƙara masa, wani lokaci ma sai ya ji kamar yana ture shi.

Malam, ni mahauci ne a Oko-Oba. Tun asuba a cikin ruwa da jini nake tsaye. Me zan nema?

Allah ya ba da sa'a. Kai damuwarka biyu ce, santsi da wanki. Nemi ƙafar da ba ta da soso ko kaɗan, wadda za ka iya kwarara mata ruwa da sabulu kullum bayan an tashi aiki, domin jini da kitse idan suka shige ƙarƙashin sutura babu turaren da zai rufe warin. Sannan kada ka taka simintin mayanka da tafin tsirara. Sa dogon takalmin roba mai zane a ƙasa. Sai dai akwai matsala: idon sawun ƙafar roba ba ya miƙewa kamar na mutum, don haka shigar da ita cikin dogon takalmi wahala ce. Wasu sukan sa ledar bakko a kan tafin ya zame ya shige, wasu su sayi takalmi mai ɗan girma. Ka tafi da takalmin aikin naka ranar gwaji, a daidaita ƙafar a kansa, ba a kan takalmin zuwa Juma'a ba.

Ina tura kurar ruwa, wani lokaci kuma ina dako a Mile 12. Tafin zai ɗauka?

Kowane tafi an yi shi ne don wani nauyi, kuma kamfanoni suna rubuta iyakarsa. Jarka ɗaya mai lita 25 kilo 25 ce, buhun shinkafa kilo 50. Idan nauyinka kilo 70 ne kuma kana saɓa buhu, kilo 120 tafin yake ɗauka a kowane taku. Mutane da yawa suna ɓoye wannan wa mai haɗa ƙafa, don tsoron kada a ce su bar sana'ar. Ɓoyewar ce ke sa a ba su tafi mai laushi, ya karye a tsakiyar kasuwa. Faɗi gaskiya, a ba ka mai tauri. Turin kura ya fi dako sauƙi ga dungu, tunda nauyin yana kan taya, amma hawa gangare da ita yana matsa gaban tafin sosai.

Yaya batun alwala da salla?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke riƙewa sai ƙarshe, alhali ita ya kamata a fara yi.

Ta fuskar hukunci, abin da malamai suka bayyana shi ne wajibin wanki yana kan gaɓar da ta rage. Idan yankan ya wuce idon sawu ya yi sama, wurin wankin ya tafi, kuma ba a ɗora wa mutum wanke roba ko shafarta ba. Wanda aka yanke wa yatsu ko rabin tafi, shi zai wanke abin da ya saura. Duk mai shakka a kan nasa yanayin ya je wa limamin unguwarsu. Abin da ya rage a wuyanka shi ne tsarki: idan najasa ta taɓa tafin, sai an wanke kafin a hau shimfiɗar masallaci, kuma a nan ne ƙafar da ba ta tsoron ruwa take da rana. Ko ba ka wanke ta da niyya ba, wurin alwala a masallatai irin na Agege ko babban masallacin Legas ba ya bushewa, fantsali kuwa dole ne.

Sai cire takalmi. Yawancin tafukan ana daidaita su ne a kan takalmi mai dunduniyar kusan santimita 1. Da ka cire takalmin, dunduniyar ta sauka, sai ka ji ƙafar tana jan ka baya, gwiwa tana ƙagewa. Ga wanda ke shiga masallaci sau biyar, yana kuma cire takalmi a ƙofar ɗaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gaya wa mai haɗawa tun farko cewa rabin wuninka babu takalmi kake, zai iya zaɓar tafi mai gajeriyar dunduniya, ko ya daidaita shi tsaka-tsaki. Akwai kuma tafukan da mai su ke iya ɗaga dunduniya ko sauke ta da kansa, amma suna da tsada, kuma ba duka ne ke son ruwa ba. A kan tayil mai laima robar tafin tana da santsi fiye da fatar mutum, a kula.

Idan silifas ne takalminka, nemi tafin da aka raba babban yatsa da na kusa da shi. Yatsun roba ba sa damƙe silifas, don haka mai maɗauri a baya ya fi aminci.

Sujada da zaman tahiya sun dogara ne ga bakin soket na bayan gwiwa. Idan ya yi tsawo zai dinga cizon naman wurin duk sanda ka durƙusa. Ranar gwaji kada ka tsaya a tafiya gaba da baya cikin ɗaki: shimfiɗa darduma ka yi ruku'u, ka yi sujada, ka zauna, mai haɗawa yana kallo. Sau da yawa rage bakin kaɗan yana warware matsalar. Idan abin ya faskara, addini ya yi sauƙi, mai uzuri yana salla a zaune.

Gidanmu masai na tsugunno ne, wanka kuma da bokiti.

Tsugunno yana buƙatar idon sawu ya lanƙwasa sosai, abin da SACH ba ya yi sam, na kabon ma kaɗan yake yi. Tafin Jaipur ne gwani a nan. Wanda ba shi ne a ƙafarsa ba, ya sa kafinta ya yi masa kujera mai huda, ko a kafa masa ƙarfen riƙewa a bango.

Wanka kuwa, shawarata ita ce a cire ƙafar a zauna a kan kujerar roba. Dungun yana buƙatar sabulu da iska kullum, kuma ba ya samun su a cikin soket. Hatsarin yana wajen shiga da fita, musamman a gidan haya inda banɗaki ɗaya ne ga ɗakuna goma kuma gansakuka ta kama simintin. Tsalle da ƙafa ɗaya a irin wannan wuri shi ke kai mutane asibiti karo na biyu. Shiga da ƙafar, ka zauna, ka cire ta ka rataye, ka tsane dungun sarai kafin ka mayar.

Na tsallaka ambaliya a hanyar dawowa, ruwan ya kai ƙwauri. Me zan yi?

Ruwan titin Legas haɗe yake da na kwata, ga yashi, ga man mota. Da isarka gida cire ƙafar, ka wanke dungun da sabulu, ka duba shi da madubi. Ɗauraye ƙafar da ruwa mai tsabta, ka kifa ta ruwan ya tsiyaye, ka bar ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada ka kai ta bakin murhu ko kusa da janareta don ta yi saurin bushewa, zafi yana sauya siffar soket. Idan tafinka mai sutura ne, a cire suturar a wanke yashin, a shanya 'yar safar da ke tsakani; ka sa a koya maka cirewa da mayarwa ranar da aka ba ka ƙafar. Ƙara ko ƙiƙir-ƙiƙir da ya fara bayan ruwa alama ce ta yashi ko kusa ta saki. Kada ka ɗura mata baƙin mai, kada ka kai wa mai walda. Kusoshin nan da ma'auni ake ɗaure su.

Abu ɗaya kuma: ƙafar roba ba ta jin ƙasa. A cikin ruwa mai duhu ba za ta gaya maka ka taka bakin kwata ba. Riƙe sanda ka riƙa lalube da ita.

Ruwan teku fa, ko na jirgin Ikorodu?

Gishiri ya fi kowane ruwa cin ƙarfe, kuma ruwan lagun ma yana da rabonsa. Fantsalin jirgi ba komai, a ɗauraye da yamma. Mai sana'ar yashi ko kifi a bakin ruwa kuwa sai ƙafar da aka yi musamman don haka.

An yanke ni sama da gwiwa. Amsoshin nan sun shafe ni?

Sun shafe ka, da ƙari. Kai kana da gwiwar ƙarfe mai gaɓoɓi, ita ce kuma ta fi tafin tsoron ruwa da yashi. Akwai gwiwoyin da aka yi don ruwa, kamar jerin Aqualine na kamfanin Ottobock na Jamus, da masu kwamfuta irin Genium X3, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin kusan kowa a cikinmu. A wuri mai santsi, gwiwar da ake iya kullewa ta miƙe ta fi kwanciyar hankali, ko da tafiyar ba ta yi kyan gani ba.

Babanmu ciwon suga ne ya jawo aka yanke masa. Mu saya masa mai tsadar?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka muku da alheri. Kuɗin ku zuba su a soket mai kyau da safa mai laushi, ba a tafi ba. Mai ciwon suga jijiyoyinsa ba sa kai masa saƙon ciwo da wuri, rauninsa kuma ba ya saurin warkewa. A zafin Legas gumi yana taruwa cikin safar silikon, fata ta jiƙe ta yi laushi, sai gogayya ta fasa ta. Wannan ruwan na ciki ya fi na sama haɗari gare shi. A cire safar a share gumi a tsakar rana, lokacin azahar ya dace da hakan. A wanke ta kullum, in da hali a sami biyu ana musanyawa. Duk dare wani ya duba masa dungun. Ja ko tabon da bai baje ba bayan minti 15 zuwa 20 da cire ƙafar, a daina sawa a koma wurin mai haɗawa. Kuma kada hankalinku ya tafi kan ta roba ku manta da ɗayar, yanzu ita ke ɗaukar kaya, ita ma kuma ciwon bai bar ta ba. Tafi mara nauyi, mai tsayawa daram, ya wadatar da shi.

Ba gara in yi guda biyu ba, ta fita da ta ruwa?

In da hali, gara. Amma kada ka yi gaggawa. Dungu yana ci gaba da ramewa tsawon shekara ɗaya ko fiye bayan yanka, soket ɗin farko kusan dole a sake shi. Bari ya tsaya, in aka yi maka sabuwa, sai a gyara tsohuwar ta zama ta banɗaki da damina.

Ɗan uwana zai aiko mini da ƙafa daga Ingila, ko in sayi ta gwanjo.

Soket ba a aro, a jikin dungunka ake auna shi. Tafi da bututu ana iya amfani da su idan girman, ɓangaren, hagu ko dama, da nauyin da aka yi su dominsa sun dace da kai, kuma ƙwararre ya duba babu tsagewa. Ka sani kuma robar sutura tana ruɓewa da kanta a wuri mai zafi da laima ko ba a taka ta ba, don haka wadda ta daɗe a ajiye tana iya farfashewa cikin 'yan watanni. Kafin ya biya kuɗi, ya turo sunan samfurin ka nuna wa wanda zai haɗa maka. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko ana samun suturarsa da kusoshinsa a Legas. Tafin kamfanin Össur ko Blatchford mai kyau ne, amma idan suturarsa ta yage kuma sai an jira wani ya taho daga waje, sanduna za ka koma.

Ina zan je, kuma nawa zan tanada?

Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, kan titin Ikorodu, yana da sashen haɗa gaɓoɓin roba, a nan ne kuma kwalejin da ke horar da masu wannan aiki take. Cikin takwarorinsa akwai na Dala a Kano da na Inugu, abin lura ga mai raba shekararsa tsakanin Ikko da gida. Akwai kamfanoni masu zaman kansu, akwai cibiyar Ishk ta gidauniyar Tolaram da ke ba da ƙafafu kyauta, gidauniyar Irede kuma yara take taimakawa. Yana da kyau mutum ya yi rajista da LASODA, ofishin jihar mai kula da masu buƙata ta musamman.

Farashi yana bin dala, tunda kusan duk sassan daga waje suke zuwa, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin jiya ba na yau ba ne. Sa a rubuta maka kuɗin kowane sashe daban, da ko gyare-gyaren watannin farko suna ciki, da tsawon garanti. Manyan kamfanoni sukan ba tafin kabon garantin shekara 3, suturarsa kuwa wata 6 kacal, daga nan kana iya gane wanne zai riga mutuwa. Wanda bai jin Turanci ko Yarabanci sosai ya tafi da mai fassara, don rabin aikin nan bayanin inda ke maka ciwo ne.

Yarinyata shekararta 7. Ita ma sai mai jure ruwa?

Ita ce ma ta fi kowa buƙata, Hajiya, don ba wanda ya isa ya hana yaro wasan ruwan sama. Sauƙin abin shi ne ƙafar yara ba ta da sassa masu yawa. Girma ne zai sa a riƙa ƙara tsawon bututun ana sake soket a kai a kai, saboda haka kada a kashe duk abin da ake da shi a ta farko. Idan ta fara ɗingishi, ko ta fara ƙin sawa da safe, yawanci ƙafar ce ta yi mata kaɗan.

Zan tafi gida da rani. Akwai abin da zai canza?

Akwai. Ƙurar hunturu tana shiga makulli da gaɓoɓi kamar yadda yashin Legas ke yi, fatar dungu kuma tana bushewa ta tsage. Shafa mai da dare bayan ka cire ƙafar, ba da safe ba, domin wasu mayukan suna lalata safar. Doguwar tafiyar mota daga Agege zuwa Kano ko Sakkwato tana kumbura dungu. Idan ka cire ƙafar a hanya tana iya ƙin komawa, don haka ka riƙa miƙe gwiwa duk inda aka tsaya. Sa safunan auduga masu kauri daban-daban a jaka, ka kuma kai ƙafar a duba kusoshinta mako ɗaya ko biyu kafin ranar tafiya.